Ƙoƙon da Gyartai Ya Ɗinke

Akwai wata gwauruwa a wani ƙauye, sunanta Bilhatu. A hannunta ikilisiya ta damƙa ajiyar tsohon ƙoƙon Jibin Ubangiji, wanda masu bi na fari suka sha a ciki tun majami'arsu tana rumfar kara. Ƙoƙon duma ne, ba shi da wani ado. Wata damina iska ta rushe rumfar, ƙoƙon ya tsage daga baki har gindi. Mahaifin Bilhatu gyartai ne, sana'arsa ɗinkin ƙwarya. Shi ya huda shi da basilla ya ɗinke, aka ci gaba da sha a ciki, har ɗinkin ya yi baƙi ƙirin.

Ana nan sai wani ma'aikacin gidan tarihi, Malam Sila, ya zo daga birni. Ya ce suna tara tsofaffin kayan majami'u domin jama'a su zo su gani, ya roƙi aron ƙoƙon. Dattawa suka ƙi. Suka ce mutanen birni za su ga ɗinkin su raina, su watsa shi a bola. Bilhatu ce ta tsaya ta ce a bayar, in ya ɓace a tambaye ta.

Amma a ranta ita ma kunyar ɗinkin take ji. Sai ta kwaɓa farar ƙasa ta shafe ƙoƙon, yadda mata suke yi wa ƙoren jere, har ɗinkin ya ɓuya. Ta naɗe shi a ƙyalle ta miƙa, ba ta faɗa wa kowa ba.

Ranar da aka buɗe wa jama'a ɗakin nuna kayan, ta shiga mota ta tafi birni. Ta ga gicciye na tagulla, da ƙoƙunan azurfa, da rigunan firistoci masu surfani, da zanen Yesu yana wanke ƙafafun almajiransa. Ita dai farin ƙoƙo take nema. Ta zaga ɗakin, ta sake zagawa, babu shi. Akwai wani akwatin gilashi a tsakiya da mutane suka yi wa cincirindo, ba ta ko leƙa ba, don ta ɗauka wurin zinariya ne. Ta zauna a ƙasa tana tunanin bakin da za ta fuskanci dattawa da shi.

A nan Malam Sila ya same ta, ya durƙusa ya gaishe ta. Ba ta amsa gaisuwar ba. Ta ce, "Ɗana, kada ka ɓoye mini. Kun yar da shi ko?"

Ya kama hannunta ya tashe ta, ya roƙi mutane su ba Mama hanya. Ga ƙoƙon nan cikin akwatin gilashin, shi kaɗai. An goge farar ƙasar tas, an juyo da ɗinkin wajen haske. Malam Sila ya ce, "Mama, ƙoƙo lafiyayye ai cike yake a kasuwa. Ɗinkin nan muka je aro."

Ta matsa kusa, ta gane ƙullin mahaifinta a bakin ƙoƙon. Ta sauke ajiyar zuciya, ta gode wa Allah. Da numfashinta ya dawo, ta yi wa Malam Sila faɗa, ta ce da ya yi magana tun farko da ba ta ɓata farar ƙasarta a banza ba.

To, ga ma'anar misalin, ku buɗe kunne. Ƙoƙon nan ku ne. Tsagewar ita ce zunubi, ba kuwa wanda bai tsage ba, har mai koya muku. Gyartai shi ne Almasihu. Farar ƙasa ita ce wannan fuskar tsarki da kuke shafawa ran Lahadi, ku zauna kamar ba ku taɓa faɗuwa ba. Ban ce ku je ku fasa kanku don a ɗinke ku ba, wannan iskanci ne. Cewa na yi, wanda Ubangiji ya riga ya gyara, ya daina ɓoye wurin gyaran. Kusa da kai akwai wanda ya tsage, yana tsammani bola ce makomarsa. Farinka ba zai taimake shi da kome ba. Juyo masa da ɗinkin.