Tocilar da Dabo Ya Saki a Rijiya

Akwai wani mutum a wani ƙauye kusa da Minjibir, sunansa Dabo. Manomi ne, kuma ba mugu ba ne, amma fa idan aka yabi wani a gabansa sai ka ga fuskarsa ta yamutse kamar ya tauna barkono.

Dabo yana da wata tocila ta ƙarfe mai ƙwan LED, wadda mahaifinsa ya zo da ita daga Hajji. Ranar rabon gado ita ya roƙa aka bar masa. Wata damina ruwa ya shige ta, ta mutu. Ya kwance ya ɗaura, ya kwance ya ɗaura, ta ce ba ta san zancen ba. Sai ya naɗe ta a tsumma ya tura ƙasan akwati, ya ce wa matarsa Sauda, "Tunda ni na kasa, babu mai iyawa."

To, yana da aboki tun na ƙuruciya, Muntaka, gonakinsu ma iyaka ɗaya. Shi Muntaka in ya dawo daga gona sai ya baje buhu a gindin darbejiya, ya zauna da 'yan wayoyi da dalma yana tayar da matattun tociloli. Ba sana'a ba ce, sha'awa ce kawai.

Ran nan sai ga Muntaka da wata tocila naɗe da baƙin salatif tun daga kai har gindi. Ya sa mata sabon ƙwai mai ƙarfi, da batirin tsohuwar kwamfuta, da wurin caji irin na waya, ya kuma toshe ta da roba don kada ruwa ya shiga. Da rana tsaka ya haska cikin rumbu, sai ga zangarniyar gero ana ganin kowace ɗaya ras.

Majalisa ta ɗauka. "Kai, Muntaka injiniya!" Mai neman kunama a ɗaki, Muntaka. Mai duba bakin bijimi, Muntaka. Dabo kuwa ya cika fam. Shi da aka yi makarantar allo tare, yau shi ne ake kira injiniya? Tuwo ma ya daina yi masa daɗi.

Wata rana da safe ya sami Muntaka. "Mutumina, ara mini tocilar nan, ina jin motsin ɓera a rumbuna."

Muntaka ya yi murmushi. "Ɗauki mana. Dama ai... bari dai, sai ta ƙarasa tukuna."

Wannan murmushin ya ƙara ƙona Dabo, ya ɗauka jin kai ne. Maimakon rumbu, sai ya nufi tsohuwar rijiya mai zurfi ta bayan gari. Ya kunna tocilar, ya leƙa, ya waiga babu kowa, ya buɗe hannu. Tsulum! Har ya shirya ƙaryarsa, zai ce suɓucewa ta yi.

Yana shiga gida Sauda ta tare shi da fara'a. "Maigida, an ce an gan ka da tocila. Har Muntaka ya ba ka?"

"Ya ba ni me?"

"Tocilar Baba mana! Na gaji da jin kana zancenta, shi ne na ɗauko na ba matarsa Maimunat ta kai masa. Cewa ya yi sai gam ya bushe tukuna ya warware salatif ɗin ya kawo maka da kansa."

Dabo ya faɗa ɗaki ya zazzage akwati. Tsumma ne kawai.

Innalillahi! Ko takalmi bai sa ba ya nufi rijiyar da gudu. Yana leƙawa, ga ta can ƙarƙashin ruwa tana ci, don robar Muntaka ta riƙe. Ya kwanta rub da ciki a bakin rijiyar yana kuka kamar yaro.

Labari ya kai wa Muntaka, ya zo da igiya da ƙugiya. Suka yi ta jefawa, amma duk taɓawa sai ta ƙara nutsewa a laka. Hasken ya fara ja, ya fara dusashewa.

Muntaka ya dafa shi. "Yi haƙuri, tsautsayi ne. Suɓuce maka ta yi, ko?"

Dabo ya kasa ɗaga kai. "A'a. Saki na yi. Na ɗauka taka ce."

Muntaka ya fara naɗe igiyarsa a hankali, ya ce, "Da tawa ce ai da sauƙi, Dabo. Zan iya haɗa wata. Ta Baba ce ba zan iya ba."

Kafin la'asar hasken ya ɗauke.

Darasi: Mai hassada gani yake ɗan'uwansa yake cuta, alhali sau da yawa alherin da ake shirya masa ne yake zubarwa da hannunsa. In Allah ya ba abokinka baiwa, ka ce ma sha Allah, ka matso kusa, wataƙila kai za ta fara amfana. Jama'a, ku tura wa 'yan'uwa da abokai, ko wani zai riƙe hannunsa kafin ya saki.