Ladabin Jatau da Baƙin Taurari

Dalilin da ya sa ƙananan ƙwayoyin nan da ido ba ya gani, masu zubo mana daga taurari masu nisa, suke raguwa duk sanda iskar Rana mai sauri ta cim ma 'yar'uwarta mai nawar tafiya, ladabi ne ya jawo, yara. Ku bar dariya, ladabi na ce.

A da can, waɗannan baƙin taurari shigowa suke yi yadda suka ga dama. Rana kuwa tana da 'ya'ya maza biyu, iskoki ne dukansu: Nomau babba, mai tafiya kamar an sa shi dole, da ƙanensa Jatau, wanda ƙafarsa ba ta san sannu ba.

Da 'yar'uwarsu Duniya ta haihu, aka gayyaci baƙin taurari suna. Rana ta ce, "Ku je ku taro su. Kai kuma Jatau, in na ji ka wuce gaban yayanka a hanya, kada ka sake tako mini gida."

Jatau ya bari Nomau ya yi nisa, ya ci tuwo, ya sha fura, sannan ya tashi. Amma kafin ka ce me, ga shi a ƙeyar yayansa.

"Yaya, a ɗan ɗaga ƙafa mana, ga baƙi can sun doso."

"Ai sauri nake yi," in ji Nomau.

Jatau ya ji kamar ya fashe da kuka. In ya wuce, ya rasa uwa. In ya ce zai tsaya, ƙafa ta ƙi. Sai ya dinga karo da bayan Nomau yana cewa, "Yi haƙuri, Yaya." Karo, haƙuri, karo, haƙuri, har manyan rigunansu suka cukuikuye suka tare hanya kamar katanga. Baƙi suka iso, suka yi sallama, babu wurin wucewa. Masu ƙarfin cikinsu suka kutsa, da yawa kuwa suka juya cikin fushi. Wainar Duniya ta huce a kwano.

Jatau ya komo gida. Rana ta ce, "Ka wuce shi?"

"Ban wuce ba, Inna. Amma baƙin..."

"Allah ya yi maka albarka! Yaro mai ladabi. Daga yau na bar muku tarbar baƙi, kai da yayanka."

Shi ya sa har yau, duk juyin da Rana ta yi, sai sun sake fita, sai hanya ta toshe, sai baƙin taurari su ragu. Jatau na nan yana ba da haƙuri, bai taɓa gaisawa da baƙo ko ɗaya ba.