Kajin da Suka Dawo ta Rariya

An yi wani mutum, mai gyaran babura, da ke kiwon kaji a bayan gidansa. Ya san kaza kamar yunwar cikinsa.

Wata safiya ya tarar da wasu suna gyangyaɗi, ga majina, ga farin kashi. Matarsa ta ce, "Maigida, a binne su mu huta." Ya ce, "A binne dukiya? Ke dai ba ki san zafin nema ba."

Ya goge musu hanci, ya ɗura musu ruwan barkono suka wartsake, ya shafa wa zankonsu manja ya yi ja. Ya kai wa dillali, har da rantsuwa cewa lafiyarsu lau. Ya 'yan uwa, wa ya tambaye shi rantsuwa?

Ya dawo ya wanke akurki fes, ya tafi sayen sababbi. A nan fa ya zama mai tsoron cuta. Ya duba ido, ya ɗaga gashin gindi, ya kara kunne ya saurari numfashi, har mai kajin ya ce, "Malam, kaza za ka saya ko aure kake nema?" Ya zaɓo lafiyayyu, ya zuba cikin sauran nasa.

Ashe maƙwabcinsa, wani tsohon tela, shi ya sayi marasa lafiyar a hannun dillali. Kaza kuwa ba ta san katanga ba. Ta rariya suke shigowa, su sha ruwa a kaskon mutumin nan, su koma.

Kafin sati ya zagayo, sababbi da tsofaffi duk sun mutu. A baro aka kwashe su.

Sai ga tela ya yi sallama, riƙe da mushen wata kaza, da jan zaren da matar mai gyaran babura ta ɗaura mata a fiffike tun tana 'yar tsako. Ya durƙusa ya ce, "Maƙwabci, ni na jawo maka. An cuce ni a kasuwa. Ka yafe mini."

Matar ta dubi zaren, ta dubi mijinta. Har tela ya rasu mijin bai iya haɗa ido da shi ba.

Jama'a, wanda ya ɓoye aibin haja, kansa ya cuta. Ka ƙi a sayar maka da cuta, kai kuma ka sayar wa wani?

Allah ya kiyaye mu da ha'inci, ya tsarkake mana abin da muke ci. Amin.