Sarauniya Mai Hanci Biyu

An yi wani mutum a wani gari, zamanin da Turawa ke sayen gyaɗa da ƙiraga a kantunansu. Ba sarki ba ne, ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Maƙerin farfaru ne, mai narka azurfa yana ƙera wa mata munduwa da zobe da 'yan kunne. Sunansa Mantau. Ku matso, jama'a, na baya ku daina hira, labarin nan da ku nake.

Wannan bawan Allah yana da wani sani da babu mai shi a garin. Da ƙuruciyarsa ya yi aiki a birni wurin wani Bature mutumin ƙasar Holan, wanda ake kira Mai Lofe. Shi Mai Lofe yana da wata ɗabi'a da ma'aikatansa suka ɗauka taɓin hankali ce: tara tsofaffin sulallan ƙasarsu. Kuma ba masu kyau yake so ba, masu aibi yake nema! Shi ya zaunar da Mantau, ya ba shi ɗan gilashi mai ƙara girman abu, ya koya masa dubawa. Ya ce masa a gidan buga kuɗi wani lokaci ƙarfen bugu yakan goce, sai hoton ya karkace gefe guda. Wani lokaci a bugi sule sau biyu, sai lambobin shekara su fito da inuwa. Wani a manta rubutun da ke zagaye da bakinsa. Ya nuna masa wata 'yar alama kusa da shekarar, wani sulen takobi, wani kifi, wadda ke faɗin a hannun wa aka buga shi. Ya ce irin waɗannan a can ake tsince su a narke, wanda ya kuɓuta ya fito duniya kuwa ya fi dubun lafiyayyu daraja.

Mantau ya koma garinsu, ya gaji maƙerar ubansa, shekaru suka tafi. Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Na hagu ya riga ya zama hazo, na dama yana bi. Likita a birni ya ce a yi aiki kafin shekara ta zagayo, ya faɗi kuɗin. Mantau ya yi murmushi kawai, don ko zuga-zugin da uwar maƙerar ya sayar ba za su kai ba. Ku riƙe wannan. Maƙerin zobe in ya rasa ido, me ya rage masa?

Ana nan, wata ranar kasuwa da hantsi, sai ga wata tsohuwa mai tallan ƙuli-ƙuli, Iya Gaje. Ta tsuguna, ta kwance wani ƙullin tsumma. Sulallan azurfa ne masu kan sarauniyar Holan. Marigayi mijinta ya yi fataucin goro har bakin teku, can ya samo su wurin ma'aikatan jirgin ruwa.

Ta ce, "Ɗan nan, narka mini su za ka yi, ka ƙera munduwa biyu. Ɗaya in sayar in gyara rufin ɗakina, ɗaya in ajiye wa jikata."

Ya ce, "To, Iya."

To, akwai al'ada a maƙera. Kafin a zuba kuɗi a wuta, mai kaya yakan ware duk wanda ya ga yana da aibi, don ana ganin jabu ne, an cuɗa shi da darma, zai ɓata narkin. Abin da aka ware kuwa na maƙeri ne, ko ya zubar ko ya yi liƙi da shi. Haka aka gada, ba wanda ya taɓa jayayya. Iya Gaje ta tsinci ɗaya ta tura gabansa da ɗan yatsa.

Ta ce, "Wannan kam an cuci Malam, Allah Ya jiƙansa. Dubi, matar hanci biyu gare ta. Riƙe shi, na ba ka."

Ta ɗauki tirenta ta tafi.

Mantau ya ɗauko tsohon gilashinsa, ya fito hasken rana, ya kanne idon hagu. Hanci biyu, haɓa biyu, kowace lamba ta shekarar da 'yar'uwarta a bayanta. Ya shafa da farce, ya ji tudun a jikin azurfar yake, ba wani ne ya kankare da wuƙa ba. Ya sake shi a kan uwar maƙera, ya ji ƙararsa tar, irin ta azurfa tsantsa. Ya ɗora a ma'auni da ɗan'uwansa lafiyayye, suka tsaya daidai. Ya san Mai Lofe na nan a birni da ransa, kuma ya san abin da zai bayar a kan wannan ya isa aikin ido har da canji.

Ya shiga gida ya gaya wa matarsa, Yalwa. Ta ɗaga hannu sama.

Ta ce, "Alhamdu lillahi! Malam, addu'arka ce aka karɓa."

Ya ce, "Anya kuwa, Yalwa?"

"Sata ka yi?"

"A'a."

"Roƙonta ka yi?"

"A'a."

"Da bakinta ba ta ce ta ba ka ba? Kuma ba haka ake yi tun kakanninku ba?"

Ya ce, "Ta ba ni, amma darma ta ba ni. A zuciyarta darma ce. Da ta san abin da na sani, za ta tura mini shi da ɗan yatsa?"

Yalwa ta fashe da kuka. Ta ce, "To, idonka fa?"

Kada kowa ya zargi matar nan, jama'a. Wallahi da ni da ku, da yawanmu abin da ta faɗa za mu faɗa, har mu nemo malamin da zai sa mana hannu. Ga al'ada ta halatta, ga mai kaya ta furta, ga larura, ga babu shaida. Ƙofa huɗu a buɗe! Amma bawan Allah nan ya ga abin da ke bayan ƙofofin: dukiyar tsohuwa ce zai ci da jahilcinta.

Bai ko bari azahar ta yi ba, don ya ce zuciya in aka ba ta lokaci takan sami hujja. Ya sami Iya Gaje a gida tana matsar tunkuza.

Ya ce, "Iya, ga kuɗinki. Ba jabu ba ne. Shi kaɗai ya fi sauran duka."

Ta yi dariya ta ce, "Kai ɗan nan, da tsufana za ka yi mini ba'a? Kawo in goge shi da toka, ko ya yi kyan gani."

Ya ce, "Kul, Iya! Kada toka ko lemun tsami su taɓa shi. Turawan da ke sonsa, da dauɗarsa suke so."

Ta ce, "Ikon Allah! Mai hanci biyu, kuma da dauɗa? Lalle Turawa ba su da aikin yi."

Shi ya rufe maƙerarsa kwana uku, ya raka ta birni. Mai Lofe ya tsufa tukuf, amma da ya ɗora gilashi a kan sulen sai lofen ya faɗi daga bakinsa. Ya fara tayi ƙasa-ƙasa, ɗan kasuwa ai ɗan kasuwa ne. Mantau ya ce, "Haba, Maigida, kai fa ka koya mini." Baturen ya yi dariya, ya biya abin da ya kamata, a hannun Iya Gaje.

Na ga wasunku sun gyara zama. Kuna jira in ce tsohuwa ta raba kuɗin biyu, Mantau ya warke. Ni ma da na so in ce haka. Amma ita ba ta san yana ciwon ido ba, shi kuma ya ƙi faɗa, ya ce kada gaskiyarsa ta zama tarko. Ta rufe ɗakinta da kwano, ta saya wa marayun jikokinta gona. Ta kawo masa ƙwarya cike da ƙuli-ƙuli, da turmin atamfa na Yalwa, ta yi ta sa masa albarka har muryarta ta dishe. Damina biyu bayan nan, idon Mantau ya rufe gaba ɗaya.

Wani abokinsa ya zo gaishe shi, ya kasa haƙuri, ya ce, "Tsakaninka da Allah, ba ka yi da-na-sani ba?"

Ya ce, "Ina kewar aikina, ba zan ɓoye maka ba. Amma kullum da safe tsohuwar nan ta ƙofar maƙerata take wucewa da tallanta. Da na warke da kuɗinta, duk ranar Allah sai na sunkuyar da kai. Me zan yi da idon da ba zai iya kallonta ba?"

Allahu Akbar! Kun ji mutum.

To, ku saurara, ga inda maganar ta nufa. Amana ba ta tsaya ga abin da aka ba ka ajiya ba. Sanin da kake da shi, wanda ɗan'uwanka ba shi da shi, shi ma amana ne, kuma za a tambaye ka. Kai bakanike da aka kawo wa mota, ka san waya ɗaya ce ta tsinke, ka ce inji ne. Kai mai sayen hatsi da ka ji farashin birni, ka tare baƙauye a hanya tun bai ji ba. Kai dillalin fili da gwauruwa ta tambaya nawa gidanta zai yi. Kowannenku zai ce, "Ai da yardarsa ya sallama." Ya yarda, haka ne. To, ka tambayi kanka tun kafin a tambaye ka: da ya san abin da na sani, zai yarda? In amsar a'a ce, ka cire hannunka, ko da idonka ne a kan ma'aunin.

Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya a ranar da za ta ci mu tsada. Ku ce amin.