Kawu Sulle da Farin Garin Munawwara

Akwai wani mutum a Karaye mai suna Sulle. Sana'arsa narka tsofaffin robobi yana ƙera kwamin shayar da shanu. Makiyaya na saye saboda ba shi da nauyi, amma rana na cinye shi. Bazara ɗaya in ta wuce, sai ka ga robar ta koɗe tana tsattsagewa.

Ƙanwar Sulle tana da 'ya mai suna Munawwara, tana digiri na biyu a fannin sinadarai. Da ta zo hutu, sai ta same shi a rumfarsa da wata 'yar kwalba cike da farin gari.

"Kawu, wannan garin zinki ne," in ji ta. "Ƙwayarsa ɗaya ko da madubin likita ba ka gani, don tsabar ƙanƙanta. In ya shiga cikin roba ya bazu ko'ina, shi ke tare hasken ranar da ke cin ta, kuma ya ƙara mata ƙarfi."

Sulle ya yi dariya. "Wannan ɗan abin?"

"Shi kuwa. Amma da sharaɗi. Kaɗan ake sawa, kuma a juya sosai har ya bi jikin robar."

Suka ɗaure hancinsu da ƙyalle, suka yi kwami huɗu tare. Ita ke aunawa, shi ke juyawa har kafaɗarsa ta yi tsami. Suka ba wani makiyayi na Rogo Ruma mai suna Hamma, tsohon mai sayen kayan Sulle, ya je ya gwada.

Bazara ta zo ta wuce, kwamayen Hamma ko gezau. Labari ya bazu a rugage. Ranar kasuwar Karaye, kafin azahar kayan Sulle sun ƙare, har daga Unguwar Hajji ake aiko masa.

Daga nan kan Sulle ya fara girma. Ya je Kano ya sayo garin da yawa. Ya ce a ransa, in cokali ya yi wannan aiki, ai kwano sai abin da ya fi haka. Ya riƙa ambaza shi, juyawar ma ya rage don mutane na jira.

Munawwara ta kira shi daga makaranta. Bayan sun gaisa ta ce, "Kawu, ina fata kana bin awon nan da na nuna maka."

"Na ninka shi. Yanzu kwamina fari tas, gwanin kyau."

"Don Allah kada ka sayar, Kawu. In garin ya yi yawa, dunƙulewa yake yi."

"Ke Munawwara, tun ba a haife ki ba nake narka roba. Ki ji da karatunki." Ya kashe wayar.

Ba a yi nisa cikin rani ba, sai ga Hamma a kasuwa da buhu a bayan babur. Ya yi sallama, ya gaisa a mutunce, sannan ya juye buhun a gaban rumfar Sulle. Ɓaraguzan farin kwami ne.

"Malam Sulle, ni na ce wa 'yan'uwana su saya a wurinka, ni ma na ƙara da wannan farin," in ji Hamma. "Jiya tun hantsi muke jan guga a rijiya. Da shanu suka kawo kai, saniya ɗaya ta ɗan gogi kwamin, sai ya dare kamar tukunyar ƙasa. Ruwan duk ya bi ƙasa, dabbobi na kallo. Na ƙanena ma haka, na surukina ma haka. Yanzu da wane ido zan dube su?"

Mutane suka taru. Sulle ya durƙusa yana tattara ɓaraguzan. A ranar ko kwami ɗaya bai sayar ba.

Da la'asar ya kira Munawwara. Bai gama bayani ba ta ce, "Ina nan tafe ranar Asabar, in sha Allahu."

Ta zo, kuma ba ta ce masa "ai na faɗa maka" ba. Ta ɗauki ɓari ɗaya ta nuna masa bakin karayar. Ga fararen dunƙule nan birjik.

"Ka gani, Kawu? Kamar gudajin tuwo ne. Ƙwayoyin sun manne wa juna maimakon su kama robar. Duk inda gudaji yake, nan ne tsagewa ke farawa."

Sulle ya sunkuyar da kai. "Ki yafe min, 'yata. Na raina ki, ga shi na jawo wa bayin Allah asara."

"Ba komai, Kawu. Abin zai gyaru. A tattaro fasassun duka, mu narka su da robar da ba a sa wa gari ba, har awon ya dawo daidai."

Sulle da kansa ya bi rugage yana karɓo ɓaraguzai yana ba da haƙuri. Suka yi kwanaki suna aiki, a hankali, ba gaggawa. Duk wanda nasa ya fashe aka ba shi sabo.

Hamma ya zo karɓar nasa. Ya kife kwamin a ƙasa, ya hau kai da takalminsa, ya yi tsalle sau biyu. Ya sauko ya maka masa sanda. Kwami bai motsa ba.

Ya dubi Sulle, ya dubi Munawwara, sai ya yi murmushi.

"A ɗaura min wannan a babur. Kuma a ajiye wa surukina nasa, gobe da kansa zai zo."

Darasi: Yawan abu ba shi ne amfaninsa ba, kowane abu yana da awonsa. Kada nasara ta sa ka toshe kunne ga wanda ya san abin da ba ka sani ba, ko da a gabanka aka haife shi. In kuma gaskiyarka ta fito, gyara za ka yi, ba gori ba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan sana'a, wataƙila wani ya tsaya ya saurara kafin nasa ya fashe.