Telan da Ya Ɗora Aurensa a Kan Wasan Ƙwallo

Akwai wani tela da ake kira Na-Faɗa. Sunan ya samo shi ne a shagon askin da ke kusa da shagonsa, inda 'yan layin ke taruwa kallon ƙwallo. Ko me ya faru a fili, sai ya miƙe ya bugi ƙirji ya ce, "Ai na faɗa muku!"

A gasar ƙasashen da aka yi a shekarar, sai aka yi rashin sa'a hasashensa ya yi daidai sau shida a jere. Na ce rashin sa'a, domin daga nan kansa ya kumbura, ba ya ganin kowa da gashi.

Ranar wasan kusa da na ƙarshe, tun bayan azahar shagon ya cika. Benci biyu sun ɗauki mutum goma sha, wasu na tsaye a bakin ƙofa, fanka na ta juya iska mai zafi. Masu farar riga za su kara da masu jar riga. Kusan kowa a shagon farare yake so, musamman mai faci, wanda ya shekara ashirin yana binsu ba su taɓa ɗaukar kofi ba.

"Jajaye ne za su wuce," in ji Na-Faɗa. "Kai mai faci, ka tsaya a kan tayoyinka. Ƙwallo ba hura iska ba ce."

Aka kwashe da dariya. Mai faci ya ce, "Yau dai bakinka zai mutu."

"Bakina? Ni?" Na-Faɗa ya miƙe, tef ɗin awo na lilo a wuyansa. "Ku shaida! In jajaye ba su wuce ba yau, na saki matata!"

Injin aski ya tsaya cak.

Mai askin yayan matar Na-Faɗa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya bar kan mutum rabi a aske, ya juyo a hankali. "Ƙanwata ka ɗora a kan ƙwallo?"

"Haba Yaya, wasa nake."

"Wasa? Sau biyu kana sakinta cikin fushi muna gyarawa. Igiya nawa ta rage maka?"

Igiya ɗaya ce ta rage, kuma kowa a wurin ya sani. In ta tsinke, babu sauran kome.

Nan take mai aski ya kira malamin da ya ɗaura auren, ya sa wayar a sifika. Malam ya saurara, ya yi salati, ya ce, "Maganar saki ba a yin ta da wasa. Ya furta a gaban shaidu. In abin da ya gindaya ya faru, sakin ya auku. Ku ce masa ya yi ta addu'a."

Alƙalin wasa ya hura usur.

Minti ashirin da farawa, farare suka zura ƙwallo. Mai faci ya daka tsalle har hularsa ta faɗi. Yana sama ya hango Na-Faɗa a tsugune kusa da kwandon gashi, ya haɗa kai da gwiwa. Nan take mai faci ya katse ihunsa. Ya ɗauki hularsa ya zauna.

Ban taɓa jin shagon kallo ya yi shiru bayan an ci ƙwallo ba sai ranar.

A hutun rabin lokaci mai faci ya matso kusa da shi. Na-Faɗa ya zaci dariya zai yi masa, ya sunkuyar da kai yana jira.

"'Yan biyunka shekararsu nawa yanzu?" in ji mai faci.

"Shekara huɗu."

Mai faci ya yi ajiyar zuciya, ya tuɓe farar rigar ƙungiyarsa, ya ninke ta ya sa a ƙarƙashin benci. Ya juya ga jama'a ya ce, "Kofi ana sake bugawa. Yau dukkanmu jajaye ne."

Haka mutanen da suka zo yi wa jajaye tsiya suka koma yi musu addu'a. Wanda aka bari da rabin aski ma ya manta da kansa, yana ta cewa, "Ku buga mana, don Allah ku buga!"

Saura minti shida a tashi, jajaye suka farke. Aka yi ƙarin lokaci, ba ci. Aka tafi bugun fenariti.

Na-Faɗa ya kasa kallo. Ya ja ƙyallen da ake yafa wa masu zuwa aski ya lulluɓe kansa. Mutumin da ya san sakamakon kowane wasa, ga shi yana tambaya daga ƙarƙashin ƙyalle, "Ta shiga? Ku gaya mini, ta shiga?"

Jajaye suka ci biyar. Farare suka ci huɗu, saura bugunsu na ƙarshe. Ɗan wasan ya ja da baya, ya zo a guje, ya buga. Ƙwallo ta daki ƙarfen raga ta dawo.

Shago ya kaure da ihu. Mai faci ya rungume Na-Faɗa yana hawaye, shi kansa bai san ko na murna ba ne ko na ƙungiyarsa da aka fitar. Mai aski dai bai rungumi kowa ba. Ya ce, "Alhamdu lillahi," ya kunna injinsa.

Kafin magariba Na-Faɗa ya isa gida. Ya tarar da matarsa zaune a tsakar ɗaki da mayafinta a kafaɗa, 'yan biyu na wasa a gefenta. Labari ya riga shi zuwa. A gidan maƙwabta ta kalli wasan, na farko a rayuwarta.

Ya durƙusa a bakin ƙofa. "Maman 'yan biyu, ki yafe mini."

Ta dube shi ta ce, "Shekara tara ina cikin gidan nan. Ban san zamana yana ƙafar wani ɗan ƙwallo da bai san ina duniya ba sai yau."

"Wallahi ba zan ƙara ba."

Ta cire mayafin ta rataye a jikin ƙusa. Sai a lokacin numfashinsa ya dawo daidai.

"Tashi, abincinka na nan a rufe," ta ce. "Amma ka riƙe wannan a ranka. Ƙarfen raga ne ya tsare auren nan yau, ba kai ba."

Darasi: Komai daɗin musu, kada ka jefa iyalinka a cikinsa don a ce ka iya. Na-Faɗa ya tsira da ƙyar, ba kowa ke samun wannan sa'ar ba. Kuma wanda kake yi wa ba'a yau, wataƙila shi zai tsaya maka idan bakinka ya ja maka. Ku tura wa abokan kallonku tun kafin a hura usur na gaba.