Kamun Tasalla da Wandon Kura

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku matso, mai gyangyaɗi kuma ya je ya wanke ido. A wani gari aka yi wani Biri maɗinki, hannunsa dogo kamar gora. Yana da 'ya guda, Tasalla, 'yar firit da ita, ga kaifin ƙwaƙwalwa, ga rawar kai. Ya koya mata zura zare a allura, ta iya. Ya koya mata ɗinki da kalmasa, ta iya. Ranar da ya ce, "Yau kuma sai awo," sai ta taɓe baki.

"Haba Baba, ai na haddace. Kullum ina jin ka: Zomo kamu biyu, Dila kamu huɗu, Kura kamu shida."

"Tsaya ki ji, 'yar nan."

"Na sani."

"Shi kamu ai..."

"Baba, na ce na sani!"

Sai ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Ana nan, sai aka gayyaci Biri suna a wani gari, sai rana ta uku zai dawo. Ya ce, "Kada ki taɓa almakashi sai na dawo." Ko ƙurarsa ba ta kwanta ba ta haye buzunsa ta harɗe.

Sai ga Zomo da yadi, riga yake so. Ta ɗora ɗan hannunta a kan yadin, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ɗaya, biyu, ta datse, ta ɗinka. Zomo ya sa, riga ta tsaya a hammata, cibiya a waje.

Ya ce, "Ke, wannan riga ce ko laya?"

Ta ce, "Kawu, ai ƙiba ka yi." Ya tafi yana shafa ciki.

Kashegari sai ga Dila, wando yake so. Ta auna kamu huɗu, ta datse, ta ɗinka. Wando ya tsaya a gwiwa. Ta ce, "Shi ake yayi a birni." Dila ya ce, "Ni za ki yi wa wayo? Bari uban naki ya dawo."

Rana ta uku sai ga Kura da shadda mai maiƙo. Ta ce, "Ke yarinya, yau da la'asar bikin ƙanwata. Wando nake so, don in na shiga fili kada zani ya kwance mini. In kika ɓata mini shadda, da ke zan yi kalaci."

Tsoro ya kama Tasalla sosai. Da mai hankali ce, ai sai ta ɗauko igiya ta gwada ƙafar mai wando. Ina! Ta dai ƙirga shida, ta sake ƙirgawa, ta kuma ƙirgawa, ta ce ai lissafin Baba ba ya ƙarya. Ta datse.

Da azahar Kura ta dawo. Ta cusa ƙafa ɗaya da ƙyar. Ta cusa ta biyu tana nishi. Ta ja, ta ja, wando ya kai cinya ya ce nan zai kwana. Ya ƙi hawa, ya ƙi sauka. Ɗinkin yarinya kuwa ba laifi, ko zare ɗaya bai tsinke ba.

Kura ta ce, "Matso in gaya miki wata magana."

Tasalla ta ce, "Gwaggo, daga nan ma ina ji."

Kura ta yi kukan kura ta kawo cafka, wando ya harɗe ta, ta faɗi tim! Kafin ta miƙe, Tasalla ta kai ƙololuwar wata tsamiya tana ihu, "Wayyo Baba!" Kura ta yi ta zagaya gindin tsamiya tana ɗingishi, har ta ji kiɗan biki ya tashi. Ta ce, "Za mu gamu," ta ja ƙafa ta tafi.

Da yamma Biri ya dawo ya tarar da Tasalla har yanzu tana saman tsamiya. Bai zage ta ba. Ya hau ya zauna kusa da ita, ya ce, "Miƙo hannunki." Ya jera da nasa. Nata duka ko rabin nasa bai kai ba. Tasalla ta duba, ta duba, kunya ta rufe ta.

Ta ce, "Baba, gobe ka koya mini awo."

Ya ce, "Ashe ba ki sani ba?"

Ta ce, "Ban sani ba."

Ku da kuke cewa "na sani" tun babba bai rufe baki ba, kun dai ji: kamun wani ba naka ba ne. Ita kuwa Kura, an ce har yau wandon bai fita ba. In kun hango ta tana tafe baya a ƙanƙance tana jan ƙafa, kada ku yi dariya da ƙarfi, maɗinkiya take nema.

Ƙurunƙus kan allura!